Balan-balan a Bakin Tankin Kyaftin

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na ɗakin inji. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke yi mini tsiya in na daɗe a tsaye a asibiti. Yara sun bugo waya, duk ƙalau suke. Kai ne dai ka zaɓi aikin da waya ba ta kaiwa, sai mutum ya zauna ya yi rubutu kamar zamanin kakanni, sannan ya jira jirgin ruwanku ya ga damar tsayawa a gaɓa.

Ka tambayi mijin yayarka. Kyaftin yana nan daram, yana gareji, shi da ɗan jirgin samansa mai kujera biyu. Tun da ya bar koyarwa a makarantar sana'a motata take kwana a waje, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, shi kuwa jirgi an lulluɓe shi kamar jariri. Yanzu an zo kan tankin mai, kuma ina gaya maka gidan nan bai taɓa ganin masifa irin wannan ba. Tankin na alminiyam ne, ana haɗa shi da ƙananan ƙusoshi, kowace ƙusa sai an shafe ta da wani gam don kada mai ya samu hanya. Gam ɗin kashi biyu ne, fari da baƙi, ana auna su a cakuɗa, kuma da an haɗa sai a yi ta sauri kafin ya daskare. Warinsa ruɓaɓɓen ƙwai sak. A firij ɗina yake ajiye gwangwanayen, kusa da madara, wai sanyi ne ke hana shi lalacewa. Sikelina na kicin ya tafi gareji bai dawo ba. Mariƙin ƙofa baƙi, makunnin fitila baƙi, hatta kyanwar gidan nan tana yawo da baƙar ƙafa ɗaya.

To bar batun wasa, akwai abin da ke damuna. Ka tuna tankin farko da ya yi bara, wanda ya yi yoyo ta ko'ina har ya jefar da shi? Ban gaya maka duka ba a lokacin. Mutumin nan ya koma kujerar falo ya zauna, ba magana, abinci sai na yi da gaske, jininsa ya hau har na fara auna shi safe da yamma. Da ƙyar ya miƙe ya sake sabon tanki. Ana cikin haka ne wata rana na tarar da gam a jikin farin kayana na aiki, na buɗe baki na zuba masa abin da ke ciki da wanda ba ya ciki. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Sista, na ji. Idan wannan tankin ma ya yi yoyo, na bar jirgi har abada, ki karɓi garejinki." Ka san shi da alkawari, ko a wuyansa za a yanka ba ya sauka.

Auta, ni bakina ne kawai. Me zan yi da gareji? Gara mini warin ƙwai da waƙar da yake yi yana aiki a kan wancan shirun na falo. Amma ba zan iya zuwa in ce masa na janye ba, bayan duk surutun da na yi, ai sai ya raina ni.

Jiya ya rufe bangon tankin na ƙarshe. Ya ce in gam ya bushe zai yi gwaji, kuma ya aike ni in sayo masa balan-balan, irin na wasan yara. Na tambaye shi na mene ne, ya fara mini darasi da alli a jikin bango, ni kuwa ina makara. Kai da kake kwana cikin tankuna, ka yi mini bayani da harshen mutane.

Ka riƙa cin abinci, ka bar shan shayi tsura.

Yayarka.

*

Yaya tawa ta kaina,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu takardarki, na karanta na sake karantawa, na yi dariyar kyanwa har mai dafa mana abinci ya leƙo ya ga ko lafiya. Ni ƙalau nake, sai zafin ɗakin inji da kunnena ɗaya da ke ƙara in na kwanta. Ki riƙa ɗora ƙafar nan a kan matashi, ke da kike gaya wa mutane haka kullum.

Batun balan-balan ba wuya. Ana toshe duk bakunan tanki, a bar guda biyu. A ɗaya, wato ɗan bututun da tanki ke shaƙar iska, sai a ɗaura balan-balan. A ɗayan kuma a sa bakin famfon keke, a hura iska kaɗan har balan-balan ya miƙe. Kaɗan fa, don tankin jirgin sama ba ƙarfi gare shi ba, in aka matsa masa sai ya kumbura. Daga nan sai a bar shi ya kwana. In akwai rami ko da na bakin allura ne, iska za ta sulale a hankali, balan-balan ya kwanta. In ya wayi gari a tsaye, haƙa ta cimma ruwa.

Saboda haka ki sa masa ido sosai, Yaya. Duk jirgin nan a wuyan balan-balan ɗin yake rataye. Muddin yana tsaye Kyaftin yana tsaye, ranar da ya kwanta kuwa kin san sauran. Ni ina nesa, na bar miki amanarsa.

Zancen alkawari kuma, da za ki ji ta ƙaninki, da kin kira mijinki kin ce masa ba kya son garejin. Magana ɗaya ce. Amma na san ki tun ina goye a bayanki, in kika ce e ba kya komawa a'a sai an kai ruwa rana.

Ki tuna wa Kyaftin kujera ta biyu tawa ce, shi ya yi mini alkawarinta, tunda ke kin rantse ko a ƙasa jirgin yake ba za ki zauna a ciki ba.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta ɗan albarka,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Kunnen nan kada ka yi wasa da shi, ka sa abin toshewa in za ka shiga wajen inji. Ƙafata da sauƙi. Kyaftin kuwa lafiyarsa har ta yi yawa, jininsa ya sauka, yana cin abinci yana neman ƙari.

Amanar da ka ba ni na riƙe ta hannu biyu, kuma bari ka ji yadda yayarka ta iya aiki. Ranar da gam ya bushe ya ɗaura balan-balan, ja ne, ya hura masa iska, ya tsaya yana kallonsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Washegari da asuba, kafin in fita aiki, na ce bari in leƙa. Auta, da na kunna fitila gabana ya faɗi. Abin ya sunkuyar da kai, ya yi laushi, fatarsa duk ta yamutse. Nan take na hango kujerar falo. Sai maganarka ta faɗo mini, muddin yana tsaye Kyaftin yana tsaye. Famfon keken yana rataye a ƙusa, na ga yadda ya yi amfani da shi. Na sa, na danna a hankali kamar yadda ka ce, sai ga mutumin naka ya miƙe, ya yi jawur. Na mayar da famfo inda yake, har da juya mariƙinsa yadda na same shi.

Da na dawo da yamma na tarar da balan-balan a tsaye, Kyaftin ma a tsaye, baki har kunne. Ya ce, "Sista, ya kwana!" Na ce, "To, madalla, sai a kwashe gwangwanaye daga firij ɗina." Ka ga ban nuna komai ba.

Tun daga ranar aikina ke nan kowace asuba, tsakanin ɗora ruwan shayi da sa takalmi. Da rana ba ya buƙatata, don kullum in na dawo a tsaye nake samunsa. Dare ne kawai yake ba shi wahala, ina jin sanyi ne ke kama shi. Ai ko majinyaci da dare ciwonsa yake tashi. Ni a ganina ɗan abin da ke fita bai taka kara ya karya ba, iska ce fa, iska kuwa ko ta ƙarƙashin ƙofa wucewa take yi. Mai ai ruwa ne, ya fi ta kauri.

Da ka ga mijin yayarka jiya yana goge gilashin jirgin yana fito, da ka sa mini albarka. Har cewa ya yi in zo in zauna a kujera ya ɗauke ni hoto, na ce Allah ya kiyaye, kujerar Auta ce.

Maganar in je in ce masa ba na son gareji, ka bar ta. Tunda tanki ya ci jarrabawa, alkawari ya mutu da kansa, ba wanda ya ji kunya. Wannan sirri tsakanina da kai ne.

Yayarka.

*

Zuwa ga ƙanina na dole, mai jirgin da ba ya tashi,

Ina gaishe ka gaisuwa ta musamman, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma ruwa bai gundure ka ba. Ni lafiya ƙalau, bayana ne kawai ke tuna mini shekaruna in na sunkuya. Yayarka ma lafiya, bakinta kuwa ya fi kowa lafiya.

Na rubuto maka ne a matsayin mai sana'a zuwa ga mai sana'a, kuma ina roƙonka abin da zan faɗa kada ya kai kunnen Sista.

Na gama tanki. Na wanke kowace mahaɗa da ruwan tina mai cire maiƙo, na kankare ta, na shafa gam ba rowa, kowace ƙusa na yi mata hular gam ta ciki. Na ɗaura balan-balan. Ga abin da ya ɗaure mini kai. Kai ka sani, ni na sani, na kuma koya wa ɗalibai shekara da shekaru, cewa iska tana kumbura da zafi, tana tsukewa da sanyi. Ke nan ya kamata balan-balan ya ɗan ragu da safe, ya cika da rana. Nawa akasin haka yake yi. Da safe in na shiga gareji ina samunsa a cike tam, ya kwana ba abin da ya same shi. Amma kafin la'asar sai ya fara laushi, ya sunkuya.

Na bi haɗe-haɗen da kumfar sabulu, duk inda hannuna ya kai, ban ga ƙwan kumfa ko ɗaya ya tashi ba. Ƙasan tankin ne kawai ban gani da kyau ba, don yana zaune a kan benci, ni kaɗai kuma ba na iya riƙe shi a kife ina shafa sabulu ina dubawa.

Yanzu ga inda nake neman rufin asiri. Ka san alkawarin da na yi wa yayarka. Matar nan ta yi haƙuri da ni, na cinye mata gareji da firij da sikeli, kuma na san ƙirga kwanaki take yi ta rabu da jirgin nan. In ta dawo daga aiki ta ga balan-balan a kwance ba za ta saurari bayanin zafi da sanyi ba, ni kuma ba zan yi mata gardama a kan maganar da na faɗa da bakina ba. Saboda haka kafin ta dawo nakan ɗan ƙara masa iska. Ba maguɗi ba ne, gyaran fuska ne kawai.

Na yi tunani, ga abin da na yanke. Gwajin gaskiya shi ne na dare, lokacin da ba rana, ba mai taɓa shi. Wannan kuwa yana cinye shi kullum, ban taɓa ƙara masa iska da safe ba. Na rana ina zaton robar ce ke saki in kwanon rufi ya ɗau zafi. Tanki lafiyarsa lau. Ƙarshen watan nan zan ɗora shi a mazauninsa, in zuba mai, in tayar da inji a karon farko. Na riga na sayo man, yana jarkoki a gareji.

In kana da wani bayani na daban game da robar, ka rubuto. In ba ka da shi, ka fara ɗinka rigar hawa jirgi.

Mijin yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina lafiya, kunne ya yi sauƙi, sauran gaisuwa sai wani jiƙon. Ki zauna ki karanta wannan yanzu, ko kina tsakiyar aiki.

An canza mana tasha a hanya, jakar wasiƙu ta yi ta binmu daga gaɓa zuwa gaɓa, sai yau ta same mu. Da na karanta takardarki na fara da dariya, kafin in kai ƙarshe dariyar ta ɗauke. Laifina ne da na ce na bar miki amanarsa ban fayyace ba. Nufina ki sa ido ki ga gaskiyar abin da zai yi. Balan-balan ɗin nan ba majinyaci ba ne, Yaya, shi ne ma'aunin zafi. Ke da kanki, in ma'auni ya nuna zazzaɓi, kya tsoma shi a ruwan sanyi ki ce wa mai jinya ya warke?

Tankin nan yana yoyo. Kin ce mai ya fi iska kauri. Fetur yana bin ramin da ido ba ya gani, kuma ba ya gajiya. Ki je ki duba inda tankin zai zauna a jirgin: tsakanin inji ne da gwiwoyin matuƙi. Ɗigo kaɗan a wurin, ga zafin inji, ga wayoyin wuta, ga mijinki ɗaure da bel a kujera. Ba sai na ƙarasa ba. Garin neman gira kada mu rasa ido.

Ga abin da za ki yi. Kada ki sake hura masa iska. Ki ɗauke famfon gaba ɗaya, ki sa a jakarki ki tafi da shi asibiti, kada ya wuni a gidan kuma kada ya kwana a gareji. Kada ki tambaye ni dalilin wunin, akwai maganar da aka ɗaure ni da ita, amma ki yi yadda na ce. Sannan ko ɗigon mai kada a zuba a tankin nan sai balan-balan ya wuni ya kwana ba hannun kowa.

Na san abin da kike tsoro, kujerar falo. Ni ma ina tsoronta. Amma mai zama a kujerar falo ana iya lallashinsa ya tashi.

Ban san yaushe wannan za ta iso ki ba, ga wata ya kusa ƙarewa. Na ba wani direban tasha ita hannu da hannu, na roƙe shi ya sa ta a ta gaggawa. Ki ba ni amsa ko layi ɗaya ne.

Auta.

*

Yaya,

Gaisuwa. Lafiyata ƙalau in ban da rashin barci. Mun tsaya a tasha biyu tun bayan takardata, kowacce ni ne na farko a wajen jaka, shiru kamar an shuka dusa. Na samu waya a tasha ta biyun na buga ta gida, tana ta ƙara ba a ɗauka ba, jirgi kuma ba ya jiran mutum. Wata ya ƙare tuni. In fushi kike yi da ni don na yi miki magana da zafi, ki yi fushin a rubuce, zan karɓa. In kuma wani abu ne ya faru, kada a ɓoye mini don ina kan ruwa.

Auta.

*

Auta, ƙanina,

Kwantar da hankalinka, kowa lafiya. Ni lafiya, Kyaftin lafiya, gida bai ƙone ba, kyanwa ma ƙafarta ta koma fara. Ka yafe mini shirun. Da farko kunya ce ta hana ni rubutu, daga baya kuma na ce ba zan rubuta ba sai ina da labarin da ya cancanci kan sarki. Wayar da ka buga kuwa muna gareji ne mu biyu, in ana wannan aikin ko gobara ake ba mai cire safar hannu.

Takardarka ta same ni a asibiti ana gobe zai zuba mai. Na karanta a tsaye a baranda. Da na zo wajen gwiwoyi sai na nemi bencin masu jira na zauna. Shekara nawa ina faɗa wa mutane kada su ɓoye wa likita ciwo, ga ni ina ɓoye na tanki. Na nemi wata ta riƙe mini aiki, na kamo hanyar gida tun kafin la'asar, abin da ban taɓa yi ba.

Ban ko ajiye jaka ba na nufi gareji in ɗauke famfo. Ina tura ƙofa sai ga Kyaftin a durƙushe gaban benci, famfo a hannunsa, yana dannawa a hankali, balan-balan yana miƙewa. Muka kalli juna.

Na ce, "Me kake yi?"

Ya ce, "Famfon nake gwadawa."

Na ce, "Kyaftin."

Sai ya ajiye shi. Ban taɓa ganin mutumin nan ya tsufa a gabana irin na wannan lokacin ba. Ya ce, "Da rana yana kwanciya, Sista. Na ɓoye miki. Amma wallahi da dare yana tsayawa, ban taɓa sa masa hannu da safe ba."

Na ce, "Da daren ma kwanciya yake yi."

Ya ce, "Ke ina kika sani?"

Na ce, "Ni nake tashinsa kowace asuba."

Ya dubi famfo, ya dube ni, ya dubi lissafin zafi da sanyi da ya cika bango da shi. Sai dariya ta ƙwace masa, ni ma ta ƙwace mini, muka yi ta yi har na riƙe benci, yana cewa, "Ashe ke ce dokar kimiyyar da ta gagare ni!" Muna cikin haka idonsa ya sauka a kan jarkokin mai a lungu. Dariyar ta tsaya cak. Ya zauna a ƙasa.

Da ya tashi sai ya jawo tamfol ya fara rufe jirgin. Ya ciro makullin gareji daga aljihu ya miƙo mini, ya ce, "Ya yi yoyo. Alkawari kaya ne."

Auta, maganar nan ɗaya da ka ce in faɗa tun farko, sai da ta kai ni nan. Na ce masa, "Mayar da makullinka. Da ni ka yi alkawarin, kuma na yafe. Kana tsammani don ina son gareji nake tashi da asuba ina hura wa balan-balan iska? Ba na son garejin. Kai nake so in riƙa ji kana waƙa a cikinsa." Ya tsaya da makulli a hannu kamar bai ji Hausa ba. Ya ce, "To duk faɗan fa?" Na ce, "Faɗan yana nan, ba inda za shi. Cire tamfol ɗin nan, ka kawo sabulu."

Mu biyu muka kife tankin. Ni na riƙe, shi ya shafa kumfa a ƙasan da bai taɓa gani da kyau ba, muka kafa ido. Can a kusurwa, gefen wata ƙusa, sai ga wani ɗan ƙwan kumfa yana tasowa a hankali, ya fashe, wani ya biyo. Duk tashin hankalin nan ƙusa ɗaya ce.

Gyaran ta ciki ake yinsa. Ya yanka ƙofa a bangon tankin daidai shigar hannu, sai nasa hannun ya ƙi wucewa wuyan hannu. Ya dubi nawa, na dubi sama. Kai dai ka san ƙarshen zancen. Na sa safa, ya auna fari da baƙi a sikelina, ya cakuɗa, na zura hannu har gwiwa ina lalube kamar mai karɓar haihuwa, yana haska mini da tocila da ɗan madubi yana cewa hagu, dama, ƙara kaɗan. Safar ta yage. Yanzu haka da nake maka rubutu farcena baƙi ne, abokan aikina suna tambaya ko sabon ado ne. Muka rufe ƙofar da farantin alminiyam da gam, muka jira ya bushe, wannan jiran ne ya ci kwanakin.

Ranar sabon gwaji shi ya ɗaura balan-balan, ni na hura iska. Daga nan muka tsaya muna kallon famfo, kowa yana zargin ɗan'uwansa. Ya ce a sa a ɗakina, na ce ban yarda da kaina ba. Na ce a sa a nasa, ya ce shi ma haka. A ƙarshe muka naɗe shi a takarda, muka je gidan waya tare, muka aika maka. In ƙunshi ya iso ka ga famfon keke, kada ka yi mamaki, babu mai amana a gidan nan sai kai.

Balan-balan ya wuni, Auta. Ya kwana. Ya sake wuni. Da safe ya ɗan ragu, da rana ya cika, kuma Kyaftin ya ce haka littafi ya ce, har ya goge lissafin bango. Yau da asuba na leƙa don sabo, na same shi a can ya riga ni, yana tsaye da kofin shayi biyu. An zuba mai shekaranjiya, ƙasan tanki a bushe ƙamas, injin ya tashi har maƙwabta suka fito. Sauran mai duba jirage ya zo ya sa hannu.

Abu ɗaya ya rage, kuma ka yi haƙuri. Kujera ta biyu ka nemi wata. Tankin da hannuna ya liƙe ba zan tsaya a ƙasa ina kallon wani ya hau kansa ba. Na riga na zauna an ɗauke ni hoton, ga shi nan a ciki, kada ka kula da farcen.

Yayarka.